Yadda Tsoron Jamus Ya Shata Iyaka Tsakanin Katsina Da Maraɗi

(Jawabin da aka karanta a wani taron ƙarshen shekara na 'yan Kagoma da Kafanchan waɗanda suka komo gida daga biranen Kudu.)



Duk wanda ya yi zaman neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san cewa a can sunan ɗan Arewa ɗaya ne. Ko daga Kagoma mutum ya fito, ko daga Katsina, ko daga Maraɗi, da zarar an ji yana Hausa, to, an gama raɗa masa suna. A Sabo ta Badun ko a Agege, mai tsire ɗan Tawa da magini ɗan Kafanchan unguwarsu ɗaya, wani lokaci ma ɗakinsu ɗaya. Ba a ganin bambanci sai ranar komawa gida. A zamanin da jirgin ƙasa yake tasowa daga Fatakwal, ɗan Kagoma yakan sauka a Kafanchan ya tarar da danginsa suna jiransa a tasha. Shi kuwa abokin tafiyarsa sai ya zarce Kano, ya shiga mota zuwa Katsina, daga nan Jibiya, inda za a tsai da shi a kwance kayansa, a nemi takardarsa, ya canja kuɗinsa, kafin ya ƙarasa Maraɗi, garin da sarkinsa yake amsa sunan Sarkin Katsina. To, wa ya ja wannan layi, kuma me ya sa ya bi ta inda ya bi? Amsar tana can ƙasar Turai, cikin shirye-shiryen da Faransa ta yi ta ƙullawa kafin Yaƙin Duniya na Farko.

Mafarin zancen shi ne kayen da Faransa ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871. An ƙwace mata lardunan Alsace da Lorraine, aka kuma ɗora mata tarar faran miliyan 5,000. Wazirin Sarkin Jamus, watau Bismarck, ya san cewa wanda aka yi wa irin wannan wulaƙanci ba ya mantuwa, saboda haka ya shafe shekara ashirin yana aiki guda, shi ne kada Faransa ta sami aboki ko ɗaya a Turai. Ya ƙulla ƙawance da Ostiriya a 1879, ya jawo Italiya ciki a 1882, ya kuma yi wata yarjejeniya ta asiri da Rasha a 1887. Daɗin daɗawa ya riƙa zuga Faransa ta je ta nemi ƙasashe a Afirka, domin ya san a can za ta yi karo da Ingila, hankalinta ya rabu biyu.

A 1890 sabon Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, ya sallami Bismarck, ya kuma bar yarjejeniyar Rasha ta mutu. Faransa ba ta yi sanya ba. Rasha tana bukatar kuɗi don shimfiɗa hanyoyin jirgi da gina masana'antu, bankunan Faris kuwa suna da shi. Daga bashi aka zarce zuwa alkawarin soja, wanda aka tsara a 1892 aka tabbatar a farkon 1894, cewa in Jamus ta auka wa ɗayarsu, ɗayar za ta auka wa Jamus. Wannan shi ne tubalin farko.

Amma da Ingila zaman doya da manja ake yi, kuma ƙasar Hausa tana cikin abubuwan da ake jayayya a kansu. Ran 5 ga watan Agusta 1890 ƙasashen biyu suka yarda a ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta kamfanin ciniki na Ingilishi, da sharaɗin cewa duk abin da yake mallakar daular Sakkwato zai faɗa kason kamfanin. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ya yi wa Faransawa ba'a a majalisa, ya ce abin da suka samu shi ne irin ƙasar da manoma suke ce wa mara nauyi, yana nufin rairayin Sahara. A nan ya kamata 'yan wannan yanki su lura da abu ɗaya. Jama'a tana bin Zazzau, Zazzau tana bin Sakkwato, saboda haka a lissafin takarda ƙasashen da suke kewaye da Jama'a, su Kagoma da Jaba da Kagoro, duk an riga an zuba su cikin kason Ingila tun daga wannan rana, alhali kuwa wasunsu, kamar Kagoro, ba su taɓa miƙa wuya ga wani sarki na waje ba. Abin da ya sa ɗan Kagoma ya tashi ya ga Ingilishi ake koyarwa a makarantar garinsu ya samo asali daga wannan jimla guda.

Layin 1890 na baka ne kawai, ba wanda ya san ta inda ya bi. Sai ran 14 ga watan Yuni 1898 aka sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya a Faris. A wannan karon an ɗauki birnin Sakkwato a matsayin cibiya, aka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin ta wajen arewa, aka ce duk abin da yake cikin bakan na Ingila ne. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa a lokacin, ba a tambaye shi ba, kuma babu wani jami'in Ingilishi ko ɗaya da yake mulki a Sakkwato, domin sai a watan Maris 1903 suka ci birnin. Bisa ga wannan zane, Birnin Ƙonni da Madawa da Dogon Dutsi suna cikin kason Ingila, haka nan Maraɗi da Tsibiri. Da abin ya tsaya a nan, da yau ɗan Maraɗi da ɗan Kagoma fasfo ɗaya suke riƙewa.

Burin Faransa shi ne ta haɗa ƙasashenta na Aljeriya da na yammacin Afirka da na Kwango a bakin Tafkin Chadi, kuma ta zubar da jini mai yawa a kan wannan buri. An kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a watan Mayu 1898. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi wa mutanen Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba, a cikin ƙasar da takarda ta ce ta Ingila ce. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a watan Yuli na shekarar, sa'an nan a watan Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Bayan duk wannan sai Faransawa suka tarar da cewa Salisbury bai yi ƙarya ba. Duk ayarin da zai tashi daga bakin Kwara zuwa Damagaram, in zai tsaya cikin kasonsu, tilas ya kewaye bakan Sakkwato ta arewa, ta cikin ƙasar da rijiyoyinta suke nesa da juna, wadda a cikin rani raƙumi ma da ƙyar yake ratsa ta. Ga mulki a hannu, ga rashin hanyar kai wa sojan mulkin abinci da harsashi.

Ana cikin haka ne aka yi cirko-cirko a Fashoda, wani ɗan gari a bakin Nilu a ƙasar Sudan ta wancan lokaci. Kyaftin Marchand ya kafa tutar Faransa a can a watan Yuli 1898, Janar Kitchener ya iso da rundunarsa a watan Satumba ya ce a sauke ta. Saura ƙiris ƙasashen biyu su shiga yaƙi. Ministan harkokin wajen Faransa, Théophile Delcassé, wanda bai daɗe da kama aiki ba, ya auna ya ga jiragen ruwan Faransa ba za su iya da na Ingila ba, ya ba da umarni a janye. 'Yan ƙasarsa sun zage shi, amma darasin da ya ɗauka shi ne ya juya tarihin Turai. A 1900 Jamus tana da mutum wajen miliyan 56, Faransa ba ta kai miliyan 40 ba. Ƙasar da take da irin wannan maƙwabci a bakin ƙofarta ba ta da halin riƙe abokan gaba biyu. Tilas a zaɓi ɗaya, a sayi ɗayan.

Delcassé ya yi dace da jakadu masu haƙuri. Camille Barrère a Rum ya yi ta lallashin Italiya har a 1902 ta yi alkawari a asirce cewa ba za ta shiga yaƙin zalunci a kan Faransa ba, ko da yake a takarda ƙawar Jamus ce. Paul Cambon kuwa ya sauka Landan a 1898, bai bar ta ba sai 1920. Lokaci ma ya taimake shi, domin Ingila ta fito daga yaƙin Afirka ta Kudu a 1902 ba ta da masoyi a Turai, ga kuma Jamus ta fara ƙera manyan jiragen ruwa na yaƙi, abin da Ingilishi ba su iya barci a kansa. Sarki Edward na Bakwai ya ziyarci Faris a watan Mayu 1903, Shugaba Loubet ya rama ziyara a watan Yuli, daga nan aka zauna ciniki.

Ciniki ne kuwa sosai, irin na kasuwar shanu, da tayi da albarka. Ran 8 ga watan Afrilu 1904 Cambon da ministan harkokin wajen Ingila, Lansdowne, suka sa hannu a kan takardun da Turawa suke kira Entente Cordiale, watau fahimtar juna ta aminci. Babban abin da yake ciki shi ne Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar wa Faransa Maroko. Amma akwai wata takarda ta biyu wadda ita ce ta shafi ƙasar Hausa. Can a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, masuntan Faransa suna da haƙƙin sauka su shanya kifinsu tun daga 1713, kuma wannan haƙƙi ya daɗe yana ci wa mutanen tsibirin tuwo a ƙwarya. Faransa ta yarda ta bar shi, amma ta ce sai an biya ta da ƙasa. Aka ba ta tsibiran Los da suke gaban Konakiri, aka ba ta Yarbutenda a kan kogin Gambiya, sa'an nan aka rushe bakan Sakkwato aka tura iyaka kudu, domin ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Chadi. A cikin takardar an ambaci Matankari da Ƙonni da sunayensu, an kuma rubuta cewa mutanen ƙasar Tasawa da Maraɗi da na Damagaram za a bar wa Faransa su gwargwadon yadda zai yiwu. A taƙaice, wurin shanyar kifi a bakin wani teku mai sanyi, wanda babu Bagobirin da ya taɓa jin sunansa, shi aka musanya da Maraɗi da Tsibiri.

An ƙara gyara layin da yarjejeniyar 29 ga watan Mayu 1906. Daga wannan shekara zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi shi da ƙafa da doki suna kafa alamu, aka tabbatar da aikinsu a Landan a watan Fabrairu 1910. Ita ce iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da take tsakanin Nijeriya da Nijar.

Gaskiya ɗaya ce, ba za a ce layin 1904 bai da wani tushe a tarihin ƙasar ba. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi, na Gobir suka kafa Tsibiri, kuma kusan ƙarni guda suna kai wa ƙasashen daular Sakkwato hari, ana kai musu. Damagaram ma ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Saboda haka sabon layin ya fi bakan 1898 kusa da yadda sarautu suke. Sai dai iyakar da, daji ce mai faɗi wadda fatake suke ratsawa da gishiri da kanwa da turkuɗi, makiyaya suna ƙetarawa da shanunsu, ana auratayya ta kowane gefe. Ba a san shinge da ɗan kwastan ba. Kuma inda bukatar Faransa ta ci karo da tarihi, tarihin aka ture: Ƙonni tana bin Sakkwato, amma da yake hanyar ruwa ta bi ta kanta, sai ta tafi. Gobir kuma aka raba ta biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan.

Ba a daɗe ba talakawa suka ga ma'anar sabon amincin. A ƙarshen 1905 aka yi wa Faransawa tawaye a ƙasar Zabarma. Da suka murƙushe shi, ɗaya daga cikin jagororinsa, Ɗan Makaho, ya tsallako Satiru kusa da Sakkwato, inda a watan Fabrairu 1906 mutanen garin suka karya rundunar Ingilishi. Shekara goma kafin nan, da Faransawa murna za su yi. A wannan karo kuwa tayin taimako suka yi. Ran 10 ga watan Maris aka shafe Satiru daga doron ƙasa.

A Turai, Jamus ta gwada ƙarfin igiyar har sau biyu. A watan Maris 1905 Wilhelm ya sauka Tanja ya ce shi bai san da wani haƙƙin Faransa a Maroko ba. Matsin ya kai har Delcassé ya rasa kujerarsa a watan Yuni, amma a taron Algeciras na 1906 Ingila ta tsaya bayan Faransa, kuma a 1907 Faransa ta ga ƙawayenta biyu, Ingila da Rasha, sun sasanta tsakaninsu. A 1911 Jamus ta aika jirgin yaƙi Agadir. Jules Cambon, ƙanen Paul, shi ne jakada a Balin, shi ya yi cinikin, kuma da ƙasar Afirka aka sake biya: an yanki kimanin murabba'in kilomita 275,000 daga Kwangon Faransa aka ƙara wa Kamaru ta Jamus, don a bar Faransa ta haɗiye Maroko. A 1912 aka raba aikin teku, jiragen Faransa suka tattaru a Bahar Rum, na Ingila a tekun arewa. Har zuwa lokacin babu rubutaccen alkawari cewa Ingila za ta yi yaƙi don Faransa. Cambon ya dai yi ta ɗaure ta da siraran zarurruka, ɗaya bayan ɗaya.

Ran 28 ga watan Yuni 1914 aka harbe yariman Ostiriya mai jiran gado a Sarayebo. Daga 20 zuwa 23 ga watan Yuli Shugaban Faransa Poincaré da Firayim Minista Viviani suna baƙunci a wurin Sarkin Rasha, suka jaddada masa cewa ƙawancensu yana nan daram. A ranar da suka taso, Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗan da ta san ba za su karɓu ba. Masana tarihi har yanzu suna jayayya ko Faransa ta yi abin da ya kamata don ta ja wa Rasha linzami. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne jakadanta a can, Paléologue, ƙarfafa wa Rashawa gwiwa ya yi ta yi, kuma ƙasar da ta shekara ashirin tana tsoron kada a bar ta ita kaɗai ba ta da bakin ce wa ƙawarta ta ja da baya. Duk da haka gwamnatin Faris ta yi wata dabara. Ran 30 ga watan Yuli ta umarci sojanta su tsaya kilomita 10 daga iyakar Jamus, don duniya, musamman majalisar Ingila, ta ga wanda ya fara. Kwanaki biyu ko uku ministocin Ingila suna ja da baya, har an ruwaito Cambon yana tambaya ko an goge kalmar mutunci daga ƙamus na Ingilishi. Ran 3 ga watan Agusta Jamus ta yi shelar yaƙi a kan Faransa, kashegari ta kutsa Beljiyam, Ingila ta shiga. Italiya ta ce ba ruwanta.

In ana maganar gwanintar jakadanci, ba a raina wannan aiki. Ƙasar da ba ta da aboki a 1871 ta shiga yaƙin 1914 da Rasha a gabas, Ingila a teku, Italiya a gefe. Ta karɓo Alsace da Lorraine a ƙarshe, bayan ta binne sojanta wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu.

Wata bakwai kacal da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, sai ga yaƙin ya iso gida. Tun cikin watan Agusta 1914 sojan Nijeriya, waɗanda yawancinsu 'yan Arewa ne kuma da Hausa ake ba su umarni, suka tashi daga Yola da Maiduguri suka shiga Kamaru. Harin farko a kan Garwa ya watse da asara mai yawa, har kwamandan ya mutu. Sai a watan Yuni 1915 aka ci garin, da taimakon sojan Faransa da suka gangaro daga Chadi. Jamusawan da suka hau dutsen Mora kuwa ba su sauko ba sai a watan Fabrairu 1916. Baitulmalin sarakunan Arewa ya ba da gudummawar kuɗi, ƙauyuka suka ba da 'yan dako. Da aka zo rabo, Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar na Kamaru: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kazalika da Kawsan da Abzinawansa suka yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga watan Disamba 1916 zuwa Maris 1917, an tura soja daga Nijeriya suka ƙetare iyakar Tilho da O'Shee don su tsare wa Faransa bayanta.

Tun daga lokacin, buɗewar wannan iyaka da rufewarta sun fi bin abin da ake ciki a manyan birane fiye da bukatar waɗanda suke zaune a bakinta. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, sai Katsina da Maraɗi suka wayi gari a sansani biyu masu zargin juna, ana sa ido a kan fatake kamar 'yan leƙen asiri, har zuwa ƙarshen 1942. Bayan samun mulkin kai an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga watan Yuli 2023 aka kuma garƙame ta. Sojan Faransa sun fice daga Nijar a watan Disamba na wannan shekara, amma ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris 2024. A cikin waɗannan watanni manyan motoci shaƙe da kaya sun yi jerin gwano a Illela da Jibiya, albasa tana ruɓewa a cikinsu, direbobi suna kwana a ƙarƙashi, su kuwa masu jiran kayan a kasuwannin Ikko suna ta bugo waya suna tambayar yaushe za a saki hanya.